Ɗanɗanawa Kawai Zan Yi In Tofar

Ya 'yan uwa, ku gyara zama. Yau raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye muku ba.

An yi wani mutum a cikinmu, a nan Bronx. Ba zan kama sunansa ba, wanda kuma ya gane shi ya ja bakinsa ya yi shiru, don ba gulma na tara ku ba. Bakano ne. Karatu ya kawo shi New York, da ya gama sai ya samu aiki a wani babban ɗakin taro a Manhattan, inda masu hali suke yin bukukuwansu. Shi ne shugaban masu raba abinci, mutum goma sha biyu suna ƙarƙashinsa. Yana zaune a unguwar Mount Hope, a bene hawa na biyar, a irin gidajen nan da lifta ta fi daɗewa a lalace a kan a gyare. Matarsa Khairunnisa tana da cikin fari a lokacin.

Kada ku ɗauka jahili ne. Da jahili ne da na nema masa uzuri. Ya yi makarantar allo ya sauke, ya zauna a zauren malamai ya karanta fiƙihu daidai gwargwado. In liman ya makara, shi ake turawa gaba. Tsofaffinmu da ba su iya karatun Turanci ba, in sun sayo abu a kanti suna shakkarsa, hotonsa suke ɗauka su aika masa, ya karanta musu abin da ke jikin kwalin, ya ce wannan ku ci, wannan akwai kitsen alade. Irin mutumin da ake tambaya ke nan.

A wurin aikin nasa ana raba giya. Ko zama a irin wurin ma akwai magana a kai, amma ba ita na kawo yau ba. Tun ranar da aka ɗauke shi ya gaya wa manaja cewa shi ba ya taɓa kwalba, manaja ya yarda, aka ba abokin aikinsa Filimon ɓangaren abin sha. Filimon Kirista ne, mutumin Jos, da Hausa suke hira in sun keɓe. Shekara shida suna haka ba a taɓa jin kansu ba.

Wata Talata da rana, a watan Mayu, zafi ya fara shigowa, sai wani kamfani ya aiko wata mata da sabuwar giyar da za a riƙa ba baƙi. Farar wayin ce, mai zaƙi, mai kumfa, an yi ta ne musamman don a zuba ta a kan ƙanƙara. Aka jera manyan kofunan gilashi a tebur, aka cika su da ƙanƙara, aka jefa yankan lemon tsami da ganyen na'a-na'a. A tsakiya aka ajiye wani ɗan bokitin ƙarfe, don masu wannan sana'a ba haɗiyewa suke yi ba, juya ta suke yi a baki su tofar. Matar ta ce kowane shugaba ya ɗanɗana, don in baƙo ya tambaye shi yadda take ya san abin faɗa.

Filimon ya matso kusa da shi ya ce a hankali, "Malam, ƙyale shi. Ni zan ɗanɗana in gaya maka yadda take. Babu wanda zai tilasta ka."

Kun ji ko? Wanda ba addininku ɗaya ba ya buɗe maka ƙofar fita. Manaja ma bai kalle shi ba. Babu wanda ya ce zai kore shi, babu wanda ya ɗora masa bindiga. To me ya tsayar da shi?

Ƙamshi ne ya tsayar da shi. Shi a tunaninsa giya abu ne mai wari, irin wanda yake ji yana yaro in sun bi ta bayan gidajen burkutu sai su toshe hanci su ruga. Wannan kuwa ƙamshin nunannen mangwaro take yi. Ga kuma matar tana dariya tana cewa ai wannan kamar lemo ce. Ya dubi yaran da ke ƙarƙashinsa, kowa da kofi a hannu yana juya shi kamar an haife shi da shi, sai ya ji ba ya son a ɗauke shi baƙauye.

A nan karatunsa ya tashi ya yi masa aiki. Ya ce a ransa, ai mace tana azumi tana ɗanɗana miya ta ji gishiri ta tofar, kuma azuminta bai karye ba. Ke nan abin da bai wuce maƙogwaro ba, ba a sha shi ba. Ya ce da Filimon, "Ɗanɗanawa kawai zan yi in tofar. Akwai hukuncinsa, na sani."

Wane hukunci? A gaban wane malami ya karanta shi? Miya halal ce, lokaci ne ya tsare ta, rana na faɗuwa za ka sha kayanka da tuwo. Giya kuwa wace rana ce za ta faɗi ta halatta? Ko ɗanɗanon miyar ma malamanmu ba so suke yi ba sai dole. Amma mutum in zuciyarsa ta riga ta yanke shawara, karatu ɗan aike yake zama, duk inda aka tura shi zai je ya dawo da amsar da ake so.

Ya ɗauki kofi. Sanyi ne ya fara dukan haƙoransa, sai kumfa ta bi harshensa tana tsikara, sai zaƙi ya biyo baya, zaƙin inabi da ɗan tsami a ƙarshe. Ɗacin da yake jira bai zo ba. Ya juya ta a baki, ya sunkuya ya tofar a bokiti, ya ɗago yana jin kansa wani gwani da ya tsallake rami. Matar ta ce a dakata ƙanƙara ta ɗan narke a sake, don a lokacin ne take nuna kanta. Ya dakata, ya sake. Ya tofar, amma abin da ya rage a harshe ya bi yawu ya wuce, ya ji wani ɗan ɗumi ya sauka a ƙirjinsa.

Ba a yi sati biyu ba ya samo wata fatawar. Ya ce ai najasa kaɗan in ta faɗa ruwa mai yawa ba ta ɓata shi, ita kuwa wannan in ƙanƙara ta narke ruwa ya rinjaye ta. Daga ranar bokiti ya huta.

In an tashi biki, kwalaben da aka buɗe ba a shanye ba zubar da su ake yi. Shi sai ya nemi mazurari. Kun san lemon inabin nan mai kumfa, marar giya, wanda muke saye in za a yi suna ko ɗaurin aure, koriyar kwalba da takardar zinare a wuya. Ni dama ban taɓa son kwalbar nan ba, ban ga abin da ya kai mu sha'awar abin da ya yi kama da kayan mashaya ba. To irinta ya samu, ya wanke, yake ɗura giyar a ciki ya kawo gida, ya tura ta can bayan firij, bayan robar miya. Khairunnisa ƙwannafi ya hana ta shan duk wani abu mai kumfa, don haka ko kallonta ba ta yi. In ya dawo aiki sai ya tsaya a kicin, ya cika kofi da ƙanƙara, ya sha a tsaye, ya bi da asuwaki.

A watan Yuni mahaifiyarsa ta iso daga Kano don ta tarbi haihuwa. Hajiya Mariya, shekararta saba'in da biyu. Ubansa ya rasu yana ɗan shekara tara, ita ta riƙe shi da ƙanwarsa Safiatu da tuyar ƙuli-ƙuli da matsar man gyaɗa, har tafin hannunta ya yi kanta. Shi ne ɗanta na fari, kuma tsohuwa ce mai alkunya irin ta da, tunda ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Kai wannan" take cewa, in kuma da baƙi ta ce "Malam". Shekara talatin tana azumin Litinin da Alhamis, ko a asibiti take ba ta sha.

Zan faɗi gaskiyarsa, don ba ƙarya na zo yi masa ba. Mutumin nan babu abin da yake so a duniya kamar yardar tsohuwar nan. Da ita yake alfahari. Yakan ce tunda yake bai taɓa jin ta yi masa ko tsaki ba, kuma duk abin da ya zama, bakinta ne.

Hajiya ta tarar da ranar garin nan doguwa. Takan leƙa taga ta ce, "Ita ranar ƙasar nan ba ta san gajiya ba ne?" Ga zafin hawa na biyar. Amma azumi ba ta fasa ba.

Ranar wata Litinin ya dawo gida da wuri, kafin magariba. Khairunnisa tana kwance a ɗaki, ciki ya tsufa. Ya shiga banɗaki ya yi alwala. Da ya fito sai ya tarar da Hajiya zaune a kan darduma a falo, ga dabino uku a faranti, ga kofi cike da ƙanƙara, ga koriyar kwalba a gefenta. Ashe ta buɗe firij neman ruwan sanyi ta ci karo da ita, ta ga hoton inabi, ta gane irin wadda ake rabawa a biki ce. Kiran salla ya tashi a waya. Ta ci dabino, ta yi addu'a, ta yi bisimilla, ta miƙa hannu.

Tsakaninsa da ita taku huɗu ne. Ku dubi daga nan inda nake zuwa ginshiƙin can. Da ya ce "Hajiya, dakata," da shi ke nan. Da ya yi kamar ya yi tuntuɓe ya ture kofin, da ni ne zan fara cewa Allah ya yafe masa wannan ƙaryar. Ruwan alwala na ɗiga daga gemunsa, yana tsaye, abin da yake lissafi shi ne, in na hana ta za ta tambaye ni dalili, in ta tambaye ni me zan ce? Yana cikin lissafin ta kai kofin baki ta shanye rabi.

Ta sauke tana lumshe ido. Ta ce, "Kai wannan, lemon naku da daɗi yake. Har hanci yake tsikara."

Ya ce, "Haka yake, Hajiya."

Ta ƙarasa sauran. Sannan ta miƙe ta gyara mayafi, shi kuma ya shiga gaba ya ja ta sallar magariba. Ya ja ta salla, ya 'yan uwa. Har ƙira'a ya yi.

Kun san da me ya lallashi kansa? Da karatu dai. Ya ce ai wanda bai sani ba babu laifi a kansa, Hajiya ba ta sani ba, don haka azuminta lafiya, sallarta lafiya. Wannan gaskiya ne, kuma ina son tsofaffin da ke saurarena su riƙe shi, babu komai a kanta. Amma shi da ya sani fa? Wannan shafin bai buɗe ba.

Washegari tsoro ya kama shi, ya tuttular da sauran a wurin wanke-wanke, ya je kanti ya sayo lemon na gaskiya ya ajiye. Ranar Alhamis Hajiya ta zuba ta kurɓa, ta ɓata fuska. Ta ce, "Wannan ba shi ba ne. Wancan da na sha, ranar na yi barci mai daɗi, gwiwar nan ko motsi ba ta yi ba. Sun canza shi ne? Ko in tambayi yarinyar nan inda ake samunsa?"

Ya ce da sauri, "A'a, bar ta ta huta. Ni zan nemo miki."

Ranar Litinin ya kawo. Da hannunsa ya ɗura, da hannunsa ya ɗauko a jaka, ya shiga jirgin ƙasa da ita, ya hau bene hawa biyar, ya sa a firij. Ya ce wa kansa farantawa uwa yake yi, tsohuwar da ba ta taɓa roƙonsa komai ba yau ta nemi abu ɗaya. Ƙarya yake yi. Tsoro yake kada matarsa ta shinshina kwalbar. Akwai kuma wani abu a ƙasan wannan wanda ya fi shi muni. In ya ga Hajiya, mai azumi, mai carbi, tana sha tana yabawa, sai ya ji nasa laifin ya yi sauƙi. Abokin sha ya samu, kuma uwar da ta haife shi ya zaɓa.

Filimon ya taɓa kama shi da mazurari a hannu a bayan kicin. Ya ce, "Malam, abin har ya kai haka? Wa kake kai wa?" Ya ce masa, "Kai dai yi aikinka." Filimon ya girgiza kai ya wuce.

Sau goma sha ɗaya Hajiya Mariya ta buɗe baki da giya.

A ƙarshen Yuli Khairunnisa ta sauka lafiya, aka samu 'ya mace. Ranar suna da safe aka raɗa mata Mariya a masallaci, takwarar kakarta. Wasunku suna wurin, kun ci dabino da alewa. Da rana mata suka cika gidan, daga falo har bakin matakala, ga kwalaben lemo na gaskiya jere a tebur. Shi kuwa hidima ta ɗauke masa hankali, ya manta da tasa kwalbar. Bai san Hajiya ta ɗauke ta tun safe ta ɓoye a ɗakinta ba, don tana da baƙuwar da take son karramawa.

Baƙuwar ita ce Kaneng, maƙwabciyarsu ta hawa na uku, nas ce a wani asibiti, Kirista, 'yar Filato. Tun zuwan Hajiya kullum da safe kafin ta tafi aiki sai ta hau ta gwada mata jini, in lifta ta lalace ita ke riƙe ta a matakala. Da Kaneng ta shigo, Hajiya ta zaunar da ita kusa da ita, ta ɗauko kwalbar, ta sa ƙanƙara da kanta, ta zuba mata. Ta ce, "Sha, 'yar nan. Wannan ba irin na kan tebur ba ne. Malam ne yake nemo min musamman, da shi nake buɗa baki."

Kaneng ta kai kofin hanci ta tsaya. Ta ɗan taɓa da harshe, ta ajiye. Ta ce, "Mama, zo mu shiga ɗaki in gaya miki wata magana."

Hajiya ta ce, "Faɗi a nan, duk 'ya'yana ne."

"Mama, don Allah mu shiga ciki."

"Na ce ki faɗa. Ya lalace ne?"

Kaneng ta yi ƙasa da murya, amma ɗakin ya riga ya yi tsit. Ta ce, "Mama, wannan giya ce."

Hajiya ta yi dariya ta nuna mata hoton inabi. Kaneng ta ce kwalbar ta lemo ce, amma abin da ke ciki ɗura shi aka yi. Ta so ta rufa asiri, ta ce wataƙila a kanti aka yi kuskure. Khairunnisa ta miƙo hannu daga inda take zaune da jaririya, ta karɓi kwalbar ta shinshina, ta duba murfin. Ta tambayi Hajiya ko ta taɓa samun ta a liƙe, irin yadda sabuwa take zuwa sai an murɗe da ƙarfi. Hajiya ta yi tunani. Ba ta taɓa ba.

Shi a lokacin yana kan matakala, rungume da kular shinkafa, yana haki. Ya ji hayaniyar gidan ta ɗauke gaba ɗaya. Sai ya ji an kira sunansa. Sunansa na yanka, cikakke, da muryar da ya fi sani a duniya, wadda shekara talatin da takwas ba ta taɓa furta shi ba.  Ya ajiye kular a nan ya ƙarasa hawa.

Mata suka dare masa hanya. Hajiya tana tsaye da kwalbar a hannu. Ta ce, "Ka san abin da ke cikin nan?"

Wallahi da a nan ya zube ya kama ƙafarta yana kuka, da ban san yadda labarin zai ƙare ba. Uwa ce. Amma bakin da ya saba ba ya rasa abin faɗa. Ya ce, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, babu zunubi a kanki. Malamai sun ce wanda bai sani ba..."

Ta katse shi. "Ba karatu na tambaye ka ba. Ranar farko kana tsaye a can, ina ɗaga kofi kana kallona. Na ɗauka tausayina kake ji, na wuni da ƙishirwa. Ka sani a lokacin?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Na sani."

"Da na ce ka ƙaro, ka je ka ƙaro."

Ya gyaɗa kai.

Ta ajiye kwalbar a ƙasa a hankali. Ta ce, "Shekara saba'in da biyu ina tsare bakin nan. Ina talauci ban sa masa haram ba." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ba ta zage shi ba, ba ta yi masa baki ba. Ta shiga banɗaki ta rufe, ana jin ta tana kurkure baki tana kakari, alhali rabonta da sha tun ranar Alhamis. Mata suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, wasu ko takalmi ba su tsaya sawa ba sai a matakala.

A ranar ta haɗa kayanta ta sauka hawa na uku. Kwana huɗu ta yi a gidan Kaneng kafin a canza mata tikiti. Ku ji abin kunya, tsohuwa Musulma ta fi amincewa da ruwan gidan maƙwabciya Kirista a kan na gidan ɗanta mai jan salla, kuma ta yi gaskiya. Ya je ya durƙusa a bakin ƙofar sau ba adadi, ba ta fito ba. Kaneng ce ta kai ta filin jirgi.

Khairunnisa ta ɗauki 'yarta ta koma gidan yayanta a unguwar Concourse Village. Ta ce wanda ya iya yi wa uwarsa haka, ita ba ta san abin da zai ɗura wa 'yarta ba. Mun je mun ba da baki, ba ta sauko ba. Shi kuwa, maimakon ya dawo sahu ya tuba, kunya ta kore shi daga masallaci, ya koma wa abin da ya jawo masa kunyar. Yanzu babu ƙanƙara, babu koriyar kwalba, babu asuwaki. Kafin sanyi ya shigo an sallame shi daga aiki, don an same shi a buge yana layi ana saura awa ɗaya a buɗe wa baƙi ƙofa.

In ya kira Kano, Hajiya takan karɓi waya, don ba ta yanke zumunci ba. Ya gaishe ta, ta ce lafiya lau, ta miƙa wa Safiatu. Ya aika a saya mata shinkafa da madara da zuma, ta sa aka raba wa maƙwabta, ko ƙwaya ba ta taɓa ba. Azumin nan goma sha ɗaya kuwa sai da ta rama su, duk da malaman unguwa sun ce mata babu ramuwa a kanta. Ta ce ta ji, amma hankalinta ba zai kwanta ba.

Bayan wata takwas Safiatu ta kira shi ta ce in yana son ya tarar da Hajiya ya taho. Ya tafi Kano. Ya same ta kwance a ɗakinta, ta rame, ba ta iya magana, leɓɓanta sun bushe sun tsattsage. Safiatu tana zaune a gefe da kofin ruwa da cokali, tana ɗiga mata kaɗan-kaɗan, yadda ake yi wa wanda tafiyarsa ta matso. Ya durƙusa ya ce, "Safiatu, don Allah ba ni in ba ta. Ko sau ɗaya."

Ta ba shi. Ya ɗebo, ya yi bisimilla, ya kai bakinta. Hajiya ta buɗe ido. Ta dubi cokalin, ta dubi hannun da ke riƙe da shi, ta bi hannun har fuska. Sai ta datse leɓɓanta.

Ya ce, "Hajiya, ruwa ne. Wallahi ruwa ne, daga randa aka ɗebo."

Ruwan ya bi gefen kumatunta ya jiƙa matashin kai. Ya sake ɗebowa, ya sake rantsuwa, yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ba ta buɗe ba. Safiatu ta karɓi cokalin daga hannunsa ta kai mata, ta buɗe ta sha. Kafin la'asar ta cika. Ko ta yafe masa a zuciyarta, Allah ne masani, amma da baki ba ta faɗa ba.

Ya 'yan uwa, mutumin nan yana nan da rai a garin nan. Ƙofar tuba a buɗe take gare shi kamar yadda take a buɗe ga kowa, kuma wanda ya san inda yake ya je ya jawo shi, kada ya tsaya nuna shi da yatsa. Allah mai gafara ne. Amma uwa guda ɗaya ake ba mutum, shi kuma tasa tana ƙarƙashin ƙasa.

Na san da yawanku a otal kuke aiki, a gidajen abinci, a ofisoshin da ƙarshen shekara ake miƙo muku kofi da murmushi. Ba za a kawo muku ita da wari ba. Da sanyi za ta zo, da zaƙi, a hannun mutumin kirki. Ka ce na gode, ba na sha, ka wuce. Babu wanda ya taɓa mutuwa don an ɗauke shi baƙauye.

Ku kuma masu ɗan karatu, da ku nake, kuma ina cikinku. Duk ranar da ka ji kana laluben hukunci bayan ranka ya riga ya biya, to ka sani ba malami ne yake magana a ƙirjinka ba. Ka ɗauki tambayar ka kai wa wani, ka faɗe ta da bakinka a gabansa. In ka ji kunyar faɗa, ka riga ka samu amsa. In kuma ka riga ka faɗa ciki, to ka tsaya kai kaɗai, ka kunyata yau a gaban mutum ɗaya, kada ka ja wanda ya yarda da kai don asirinka ya ƙara kwana.

Ya Allah ka tsare bakunanmu daga haram, ka tsare mutane daga sharrin hannayenmu. Ka jiƙan Hajiya Mariya, ka shayar da ita daga abin sha mai tsarki. Ka shiryi ɗanta. Iyayenmu da suke raye ka ba mu ikon gamawa da su lafiya, waɗanda suka riga mu ka sa sun tafi suna masu yarda da mu. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuri'armu. Amin.